Adireshin Yaron Nan

Motar Yakubu ta tsaya a ƙofar siton Inna Asiya da hantsi, ta saki iskar birki, mutanen layin suka fara leƙowa. Kowa a Bungudu ya san motar. Duk kaka takan kai dankalin Turawa daga Jos zuwa Sakkwato, a hanyar dawowa ta tsaya nan ta ɗauki waken suya, ta kai wa wani kamfanin abincin kaji da ke can Jos ɗin. Bana ma siton ya cika har bakin ƙofa, manoman da suka tara wakensu a ciki kuwa kullum sai sun biyo sun tambaya ko an ji labarin mota.

Inna Asiya ta zura hijabi ta fito, tana cewa a ranta ko ba komai wannan nauyin zai sauka. Yakubu direba ya diro da rabin buhun dankali a kafaɗa, tsarabar da bai taɓa fashin kawo mata ba, ya durƙusa ya gaishe ta da fara'arsa. Daga nan ya ce shi fa gaisuwa kawai ya tsaya yi, don bana a Tsafe aka ce ya yi lodi. Ta tambaye shi wa ya ce. Ya dube ta da mamaki.

"Mahadi mana, Mama. Shi ya rubuta wa ofis a satin nan. Ina yake ne? Ko yana Tsafen?"

Mahadi kuwa, ɗanta, har an yi sadakar arba'in ɗinsa, tabarmin zaman makoki ma an mayar wa masu su. Mota ce ta buge shi a kan babur yana dawowa daga gonakin Wanke, ko asibiti bai kai ba. Inna ta dafa ƙyauren sito ta ce, "Yaron nan Allah ya yi mai rasuwa." Yakubu ya zauna a ƙasa daɓas, ya kama salati, dankalin ya watse ba wanda ya kula. Sai da ya share fuska da hularsa sannan ya ɗago da tambayar da ta rage: to wa ke rubutu da sunan wanda ke kabari? Ita Inna ba ta buƙatar a faɗa mata.

Yaron nan, haka take kiransa. Ɗan fari ne, ita kuwa ta tashi a gidan da uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, kuma ta riƙe wannan kunya gam. Ya yi gemu, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, yana nan dai a yaron nan. Shi kuma ya mai da abin wasa. Yakan kawo mata takardar asibiti ya ce idonsa na ciwo ta karanta masa sunan da ke sama, ko ya ɓuya a bayan buhuna in tana nemansa, wai ba zai fito ba sai ta kira shi yadda liman ya raɗa masa. Ta kai masa duka da mafici, ya fito yana dariya. Har ya koma ga Allah bai ji sunansa a bakinta ba.

Sana'ar waken tasu ce su biyu. Ita ta san manoma, ita ke damƙar wake ta san wanda ya bushe da wanda aka yi wa gaggawa, kuma saboda ita mutane ke kawo amfanin gonarsu su ajiye su juya baya. Shi kuma shi ke magana da kamfani, ta wani adireshin imel irin na kyauta da ya buɗe da layin wayarsa. Ofishin kamfani bai san sito ba, bai san manoma ba. Adireshin nan ya sani, don haka duk wanda wayar ke aljihunsa shi ne Mahadi a wurinsu.

Wayar kuwa tana aljihun Alhaji Bello, ƙanin marigayi mijinta, dillalin hatsi a Tsafe. Mutum ne mai taushin murya, irin wanda in zai cuce ka sai ya fara yi maka addu'a. Ranar jana'iza shi ya tattara abin da aka samu a jikin mamacin, waya da agogo da makullin babur, ya ce zai riƙe amana har ranar rabon gado, kamar yadda babban namiji a dangi ya saba yi. Har lambar buɗe wayar ya aika a tambayo wurin Salma, matar mamacin, wai don a sanar da abokan hulɗa. Yarinya na cikin hawaye ta faɗa. A irin wannan rana wa ke da bakin cewa a'a? Ashe sanarwar da zai yi ke nan: ya zauna a inuwar sitonsa yana rubuta wa kamfani da sunan ɗan wansa, ya karkatar da motar zuwa nasa waken. In motar nan ta yi lodi a Tsafe, kamfani ya cika abin da yake nema na bana, waken Bungudu ya zauna ƙwari su ci, kuma baɗi ba manomin da zai sake kallon ƙofar siton. Da wannan ƙofa ake ciyar da Salma da marayunta.

Yakubu ya kira Mista Kaleb, jami'in da ke sayo wa kamfani kaya, wanda ya taɓa zuwa Bungudu sau ɗaya, ya miƙa mata wayar. Ba ta gama bayani ba mutumin ya tare ta. Ya ce ya ji, amma a wannan satin ya samu saƙon Mahadi, kuma ko da yake ya kwana biyu ba ya ɗaukar kira, ya rubuto cewa matsalar sabis ce a ƙauye. Ya ce an taɓa yi musu irin wannan, a bugo waya da labarin mutuwa a karkatar da mota, saboda haka dokar ofis ita ce duk canji ya zo a rubuce daga adireshin mai kawo kaya. Yakubu ya karɓa ya rantse masa cewa a gaban uwar yake tsaye. Aka ce da shi aikinsa tuƙi ne, kuma ba yau aka fara sayen direba ba. Aka kashe masa wayar a hannu. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya zagaya ya bubbuga tayar baya, wadda lafiyarta lau, ya ce wannan tayar ba za ta kai Tsafe ba sai an duba ta a Gusau, kuma masu facin Gusau akwai nawa. Ba ya jin zai isa kafin azahar ɗin gobe.

Inna ta shiga gida ta ɗauko 'yar wayarta mai madannai ta kira Alhaji Bello. Ya ɗauka da doguwar gaisuwa, ya tambayi haƙuri, ya tambayi yara. Ta ce ba wannan ya kawo ta ba, wayar yaron nan take so.

"Wane yaro, Hajiya?" in ji shi, yana 'yar dariya. "Ɗiyan gidanmu da yawa suke. Hwaɗi sunanai mana in sani."

Tsakanin mace da ƙanin miji akwai wasa, kuma tun tana amarya yake tsokanarta da wannan. Amma yau ba wasa yake ba, bakinta ya ɗaure da igiyar da ya san ba za ta kwance ba. Daga nan ya shiga wa'azi. Wai ƙofar arziki yake tare wa iyali kada ta rufe, don in kamfani ya ji an yi rasuwa wani za su nema. Wai mata na cikin makoki bai kamata su sa kansu a harkar maza ba. Waken Bungudu kuma a yi haƙuri, za a duba shi daga baya. Inna ta kashe wayar ba sallama, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba.

Salma tana takaba, ba ta fita ko zaure, amma ta ji komai ta bayan labule. Ita ta ce da Inna ta tafi Gusau ta nemi Godiya. Inna ta gane wadda ake nufi, don ta zo ta'aziyya da gyale a kanta ta zauna cikin mata ta yi kuka kamar 'yar gida. Godiya Bitrus 'yar wani malamin makaranta ce da aiki ya kawo shi daga wajen Kafanchan, a Tudun Wada aka haife ta, aji ɗaya suka yi da Mahadi, yanzu kuma tana da shagon kwamfuta inda ake buga takardu. Kafin rana ta take Inna tana cikin motar haya.

Ta samu shagon cike da masu jiran a buga musu takardun neman aiki. Godiya na ganin fuskarta ta sallami kowa ta jawo mata kujera. Da ta ji labarin sai ta ajiye biron da ke hannunta da ƙarfi, ta faɗi wata kalma a kan Alhaji Bello, sannan ta ba Inna haƙuri don ta faɗe ta a gaban babba. Inna ta ce ta bar shi, ba ta yi ƙarya ba.

Abin da Inna ta zo nema shi ne a ƙwato tsohon adireshin. Godiya ta gwada a gabanta, ta nuna mata inda abin ke cijewa: duk hanyar da aka bi, sai a ce an tura lambar tabbatarwa zuwa layin mai adireshi, layin kuwa yana Tsafe. Ta ce ba yau ta fara gaya wa Mahadi ya bar wannan na kyautar ba, ya sayi suna na kansa a intanet, abin da suke kira domen. Na kyauta tamkar ɗaki ne mai makulli ɗaya, wanda ya tsinci makullin ya zama mai ɗaki. Domen kuwa fili ne da sunanka, ka yanka ɗakuna yadda kake so, ka ba kowa nasa, in makullin wani ya faɗa hannun banza mai fili ya canja kwaɗo. Kullum Mahadi sai ya ce bari a gama kaka.

Inna ta gyara zama ta tambayi abin da ake kashewa, tana tunanin ko za ta sayar da tunkiya. Godiya ta ce in aka ɗauki mai wutsiyar Najeriya, wato mai ƙarewa da .ng, da sunan da akwatin saƙon gaba ɗaya, na shekara bai wuce kuɗin 'yan tiyoyin wake ba. A nan ne ran Inna ya ƙara ɓaci, kuma ba da Bello ba. Da mamacin take. 'Yan tiyoyin wake! Wanda kaji ke tsincewa a ƙofar sito ya fi haka. Don wannan ɗan abin ya bar uwarsa da matarsa a hannun mutum irin Bello, shi da komai sai bari a gama kaka. Ta ji kamar ta same shi a bayan buhuna ta zabga masa mafici da gaske. Tunanin ya sa idonta ya kawo ruwa, ta mayar da shi, don ba kuka ta zo yi Gusau ba.

Godiya ta tambayi sunan da za a saya. Ta kawo shawarar a sa sunan gari, ko na Inna kanta. Inna ta girgiza kai.

"Sa sunanai. Shi yag gina abin ga. In za a ci abinci da sunan, ɗiyanai za su ci."

Godiya ta buga sunan, ta haɗa masa da kalmar wake, ta duba ta ce ba wanda ya riga su. Ta juyo da fuskar kwamfutar. Inna ta yi yaƙi da jahilci a zamaninta, tana haɗa baƙi. Ta bi haruffan da ido ɗaya bayan ɗaya, leɓenta a rufe, ta gyaɗa kai.

Sai aka zo kan wa za a rubuta a matsayin mai shi, da layin wayar wa. Abin haushi, har bakin Inna ya buɗe zai ce a sa na babban namiji a gida, don haka ta ga ana yi da takardar fili da ta gona tun tasowarta. Babban namijin kuwa Bello ne. Ta kama kanta, ta ja tsaki mai ƙarfi har Godiya ta waiwayo. Ta kwance bakin zane ta fito da 'yar wayarta ta dangwarar a kan tebur, ta ce wannan za a sa, na biyu kuma na Salma. Ba a jima ba wayar ta yi ƙara, lambar tabbatarwa ta shigo. Inna ta karanta wa Godiya da kanta, a hankali, kamar mai ba da shaida a gaban alƙali.

Saura haɗa sunan da masu ajiye saƙo. Godiya na cikin kwafo wasu dogayen layuka daga wannan shafi zuwa wancan aka ɗauke wuta. Ta fita ta ja janareta, ya yi tari ya mutu, ta sake ja tana yi masa faɗa da Turanci har ya tashi. Da ta gama ta ce sai a jira abin ya kama, wani lokaci nan da nan, wani lokaci ya ja rai. Inna ba ta iya jira ba. Ta tashi ta zauna, ta leƙa titi, ta dawo ta tsaya a kan Godiya tana tambaya ko ya kama. Godiya ta shimfiɗa mata kwali mai tsabta a bayan injin kwafi, ta kawo mata buta daga maƙwabta. Ko a cikin sallar sai da Inna ta yi ta korar fuskar Bello daga zuciyarta.

Wajen la'asar saƙon gwaji ya shiga. Godiya ta yanka akwati biyu, na Inna da na Salma, ta saita yadda duk abin da kamfani ya aiko zai faɗa wa su biyun, na Salma ya riƙa fitowa a babbar wayarta. Lambar sirri kuwa ta ce Inna ta zaɓa ta buga da hannunta, ita ta kau da kai ta kalli bango. Inna ta buga da yatsa ɗaya. Ta ce in Bello ya isa ya aiko a tambayo wannan.

Daga nan suka rubuta wa Mista Kaleb. Inna na faɗa, Godiya na mayarwa Turanci. Da Inna ta lura abin da ake bugawa ya fi abin da ta faɗa tsawo, ta gane ana sa masa zuma, ta ce a cire. A rubuta cewa mai adireshin can ya rasu, wanda ke rubutu da sunansa maci amana ne, wake yana Bungudu inda ya saba zama, kuma daga yau ga inda za a same su. Godiya ta goge gaisuwar da ta jera, ta tura shi haka.

Ba su daɗe ba wayar Inna ta yi ƙara. Mista Kaleb ne, kuma muryarsa ba ta yi laushi ba. Ya ce ya ga saƙo, ya ga adireshi mai sunan sana'a, abin da ya daɗe yana roƙon masu kawo musu kaya su yi. Amma ɓarawo ma yana iya sayen suna. Ya ce in da gaske ita ce ta haifi mamacin, ta faɗi cikakken sunan ɗanta.

Godiya ta buɗe baki za ta amsa, Inna ta ɗaga mata hannu. Sau biyu ke nan a yini ɗaya ana sa mata wuƙa a wuri guda.

"Kai ɗan nan, ba ka da uwa? Ka ci tuwona a Bungudu, ka sha hurata, yau ni zaka titsiyewa? Ba ni hwaɗi. Ka kai motarka inda kaka so."

Sai ta ji ya ja numfashi, ya ce lalle Mama ce. Ya ce ranar da ya zo Bungudu, Mahadi ya yi masa alkawarin rago in ya iya sa Mama ta faɗi sunansa, ya yi dabara har dabara ta ƙare bai ci ragon ba. Muryarsa ta karye a tsakiyar maganar. Ya yi mata ta'aziyya da irin Hausarsu ta Jos, ya nemi gafara, ya sake nema. Inna ta amsa a taƙaice, don fushinta bai gama sauka ba.

Sai dai ya ce shi ya yarda, manajansa ne ba zai yarda da labarin rago ba. A gaban manaja yanzu adireshi biyu ne, kowanne da sunan Mahadi, ɗaya na cewa Tsafe, ɗaya na cewa Bungudu. Abin da zai iya yi shi ne gobe kafin azahar ya kira tsohon layin a gaban manaja. In ba a ɗauka ba, manaja zai ce sabis ne, mota ta bi tsohon umarni. Inna ta ce ya kira, za a ɗauka.

Washegari da hantsi ta sauka a tashar Tsafe ta taka zuwa siton Alhaji Bello. An fito da buhuna an jera a bakin hanya, 'yan dako na zaune a kai suna jiran mota. Shi kuma yana kan benci a inuwa tare da dattawan layin, har da limamin masallacinsu, ana hira. Da ya hango ta fuskarsa ta canja, amma nan da nan ya gyara, ya tashi yana marhabin da matar Yaya, ya ce ta shiga cikin gida wurin mata ta sha ruwa. Ta ce nan ya ishe ta. Ta gaida dattawan ɗaya bayan ɗaya, ta samu gefen wani buhu ta zauna. Bello ya yi ta jan carbi yana duban hanya, ita kuma ta zuba masa ido.

Rana ta ɗaga sosai sannan aljihunsa ya ɗauki ƙara. Inna ta san wannan ƙarar. Shekaru tana jin ta daga ɗakin zaure, daga bayan sito, daga kan babur in ya tsaya a ƙofar gida. Ta miƙe. Bello ya zaro wayar zai danne ta, ta tako har gabansa ta miƙa hannu, ta ce ya ba ta. Ya dubi dattawan ya yi murmushin nan nasa, ya koma ga makamin da ya yi masa aiki jiya.

"Wayar wa kika so, Hajiya?"

"Wayar Mahadi."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma har 'yan dakon sun ji. Duk wanda ke kan bencin nan ya san ta tun tana amarya a gidan wan Bello, kuma ya san abin da ake nufi in mace irinta ta kama sunan ɗan farinta a bainar maza. Liman ya sunkuyar da kai. Wani tsoho ya ce subhanallahi a hankali, ya juya ya kalli Bello, sauran ma suka kalle shi. Murmushin ya bushe a fuskarsa. Wayar na ta ƙara a tafin hannunsa, ya rasa aljihun da zai mayar da ita, sai ya miƙa.

Ta danna ta kara a kunne. Muryar Mista Kaleb ta fito a tsare, irin ta mai magana a gaban na gaba da shi, ya ce daga kamfani ne, Mahadi suke nema.

"Mahadi ya rasu," in ji Inna. "Uwatai ta. Ni nih haihe shi, gabana anka hita da shi. Wanda ka rubuto muku da sunanai, ga shi nan tsaye."

Ta saurara kaɗan, ta ce to, ta kashe. Bello ya fara magana a kan ƙofar arziki da niyyar alheri, ba wanda ya taya shi. Inna ba ta ko dube shi ba. Ta miƙa wa liman wayar da hannu biyu, ta ce tunda kayan gado ce ba za ta tafi da ita ba, ya riƙe a kashe har ranar rabo. Liman ya karɓa ya sa a aljihun gaba. Ta yi wa dattawan sallama ta kama hanyar tasha, 'yan dako suka janye ƙafafunsu ta wuce.

A mota ne abin ya sauko mata. Motar ta wuce Gusau ba ta sani ba. Ta ci nasara, ta san ta ci, amma ba daɗi a ranta ko kaɗan. Yaron nan tun yana ɗan mitsitsi yake bin ta da dabara don ta kira shi sau ɗaya ya amsa, ta hana shi, tana ganin akwai lokaci. Yau ta faɗa har sau biyu, a bakin titi, a gaban Bello, kuma na biyun don ta ce ya rasu ne. Wannan ne ba za ta yafe wa Bello ba, ko da ta yafe masa waken. Matar da ke kusa da ita ta ga tana share ido da bakin hijabi, ta ce Allah ya ba da haƙuri, ba ta tambayi dalili ba.

Da ta iso Bungudu motar Yakubu na ƙofar sito, an sauke ƙyauren baya, manoma sun taru. Salma ta leƙo ta bayan labule da waya a hannu, ta ce saƙon kamfani ya shigo sabon adireshi, ko Inna na so a karanta mata har da sunan da ke sama. Inna ta ce ta karanta duka. Ta tsaya ta saurara har ƙarshe, sannan ta fita ta ce da masu lodi su fara da buhunan bakin ƙofa, su ne suka fi daɗewa.